Waƙa a Bakin Mai Ita: Sharhi a Kan "'Yan Mata Arba'in" ta Mutanen Karakalpak

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mun saba jin wannan karin magana har ta zame mana kamar gaisuwa, amma ba kasafai mukan tsaya mu tambayi kanmu abin da ke samun waƙar ba idan mai ita ya kwanta dama, ta koma hannun mai alƙalami, daga nan ta wuce wurin edita, daga can kuma ta faɗa hannun mai fassara, alhali kowannensu yana da wanda yake tsoro da kuma wanda yake son ya burge. Wannan tambaya ce ta sa muka ga ya dace mu yi nisan zango, mu leƙa adabin wata al'umma da ke tsakiyar nahiyar Asiya, wato mutanen Karakalpak, mu dubi waƙarsu ta jarumta da ta fi kowace shahara, wadda suke kira Kirk Kiz, ma'ana 'Yan Mata Arba'in.

Za mu bi matakan da aka saba bi a nazari: mu san masu waƙar da harshensu, mu kawo labarin a taƙaice, mu dubi jigo da taurari da salo, sannan mu tsaya a kan abin da muke ganin shi ne ƙashin bayan maganar, wato hannayen da waƙar ta ratsa kafin ta zama littafi. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne waƙar ta cancanci yabon da ake yi mata, sai dai wanda ya karanta ta ba tare da ya san shekarar da aka rubuta ta da masu mulkin lokacin ba, to rabin labarin ya ji.

Mutanen da Harshensu

Sunan Karakalpak haɗin kalmomi biyu ne, kara, wato baƙi, da kalpak, wato hula. Ke nan masu baƙar hula. Suna zaune ne a arewa maso yammacin ƙasar Uzbekistan, inda kogin Amu Darya yake ƙarewa a kudancin Tekun Aral, cikin wata jamhuriya mai cin gashin kai da ake kira Karakalpakstan, mai hedikwata a birnin Nukus. Mutanen jamhuriyar sun kai kimanin miliyan 2, amma Karakalpak ɗin kansu kusan kashi ɗaya ne cikin uku, sauran akasari Uzbek ne da Kazak. Masu jin harshen a duniya baki ɗaya ba su kai miliyan ɗaya ba.

Harshen yana cikin dangin harsunan Turkawa, reshen Kipchak, kuma ya fi kusa da harshen Kazak da na Nogai fiye da yadda yake kusa da na Uzbek da suke ƙasa ɗaya da su. Abubuwa biyu a ginin harshen sun shafi waƙa kai tsaye. Na farko, harshe ne mai jera ɗafa-ƙeya, ana ɗaukar tushen kalma a yi ta liƙa masa ƙananan gaɓoɓi a baya, kowace da aikinta. Na biyu, wasulan ɗafa-ƙeya sukan jitu da na tushen kalma, shi ya sa jam'in kiz, yarinya, ya zama kizlar, alhali kalmar da wasalinta na gaban baki ne sai ta ɗauki ler. Za mu dawo kan amfanin wannan idan mun zo salo.

Tarihinsu kuwa na matsi ne tsakanin manya. A farkon ƙarni na 18 suna zaune a gaɓar kogin Sir Darya, hare-haren Jungar na 1723 suka tarwatsa su tare da Kazak. A 1811 Sarkin Khiva ya mallake su, a 1873 Rasha ta ci Khiva, a 1936 kuma aka haɗa yankinsu da Uzbekistan a ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet. Al'ummar da ta sha irin wannan kora, ba abin mamaki ba ne babbar waƙarta ta kasance a kan garin da aka ci da yaƙi da kuma wadda ta ƙwato shi.

Jirau da Baksi

Makaɗan Karakalpak na gargajiya iri biyu ne, kuma ba a haɗa su. Akwai jirau, mai rera dogayen waƙoƙin jarumta da murya mai kauri da yake matso ta daga maƙogwaro, yana goga wani abin kiɗa mai suna kobiz, mai tsirkiya biyu na izgar doki, wanda ɗan Hausa zai kira shi ɗan'uwan goge. Akwai kuma baksi, mai waƙoƙin soyayya da na hikima da sassanyar murya, yana kaɗa dutar, mai tsirkiya biyu da ake taɓawa da yatsu, kusa da garayarmu. Doguwar waƙar da take ɗauke da labari suna kiranta dastan. Jirau yakan yi shekaru yana bin maigidansa kafin a sallame shi, kuma yakan riƙe sunayen iyayen gidansa a jere kamar salsalar malamai.

Bayan waɗannan akwai marubuta waƙoƙi na ƙarni na 19 da suka yi karatun allo da na littattafai, suka yi rubutu da haruffan Larabci: Kunhoja, da Ajiniyaz wanda ya yi karatu a makarantun Khiva ya rasu a 1878, da Berdak wanda ya rayu daga 1827 zuwa 1900, wanda a yau jami'ar Nukus take ɗauke da sunansa. Ke nan adabin baka da rubutaccen adabi sun daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a wurinsu.

Kirk Kiz ta jirau ce. Al'adar makaɗan tana danganta ta ga Jiyen Jirau na ƙarni na 18, amma rerawar da duniya ta sani ita ce ta Kurbanbay Tajibayeb, wanda aka haifa a 1876 ya rasu a 1958. Daga bakinsa aka rubuta ta a wajajen 1940, kuma ana ƙiyasta ɗangwayenta sun kai 20,000.

Labarin a Taƙaice

A garin Sarkop akwai wani attajiri mai suna Allayar, yana da 'ya'ya maza da 'ya mace guda, Gulayim. Da ta isa aure masu nema suka yi ta zuwa, ita kuwa sai ta roƙi mahaifinta ya ba ta wani yanki mai suna Miyweli. A can ta sa aka gina ganuwa, ta tara 'yan mata arba'in, ta koya musu hawan doki da harbin baka da sara da takobi. Ana nan, wata rana ba su nan, sai Surtaysha Sarkin Kalmak ya auka wa Sarkop, ya kashe na kashewa, har da mahaifinta, ya kora sauran a matsayin bayi. Gulayim ta dawo ta tarar da kufai. Ta bi sawun maharan da rundunarta, aka gwabza, ta kashe Surtaysha a karon gaba da gaba, ta 'yanto mutanenta.

Kashi na biyu ya shafi Arislan, wani jarumi daga ƙasar Khorezm, wanda Nadir Shah na Farisa ya ci ƙasarsu. Shi da Gulayim suka haɗa kai da zuciya, suka kori Nadir Shah, suka yi aure, aka kafa mulkin adalci da ya tattaro al'ummomin yankin, Karakalpak da Uzbek da Turkmen da Kazak, a inuwa ɗaya.

Jigo da Taurari

Babban jigon waƙar kare ƙasa ne, wannan a fili yake. Amma abin da ya ɗaga ta sama da sauran waƙoƙin yaƙi shi ne yadda aka gina tauraruwar. A yawancin irin waɗannan labarai mace lada ce da ake ba jarumi bayan ya gama wahala. A nan kuwa labarin ya fara ne daga lokacin da aka zo neman ta, ita kuma ta nemi fili. Duk marubucin da yake koyon gina tauraro ya lura da wannan. Ba a tsaya ana gaya mana cewa Gulayim mai hangen nesa ce ba, an sa ta roƙi abin da ba a saba jin budurwa ta roƙa ba, sai mu da kanmu muka gane halinta. Kuma roƙon nan guda shi ya haifi duk abin da ya biyo baya, domin ba don Miyweli ba da ita ma tana cikin waɗanda aka kora da igiya.

Wuri na biyu da muke ganin gwaninta shi ne rashin kasancewarta a ranar da aka ci Sarkop. Ta gina ganuwa, ta horar da mayaƙa, amma ranar da aka buƙace ta ba ta nan. Makaɗin da bai ƙware ba da sai ya sa ta tare maharan a ƙofar gari ta fatattake su, a tafa, a watse. Wannan kuwa ya bari sai da aka yi ɓarnar, domin yaƙin da za ta yi daga baya ya zama yana da nauyin bashi a wuyanta. Mai sauraro da kakanninsa suka gudu daga Sir Darya ya san cewa a zahiri taimako bai zo ba. Waƙar ba ta ƙaryata masa wannan ba, ta amince an ci garin, sannan ta ba shi abin da tarihi ya hana shi, wato dawowar waɗanda aka kora.

Ta fuskar rauni kuwa, abokan gaba ba su da wata fuska sai ta mugunta. Surtaysha azzalumi ne tun daga shigowarsa har faɗuwarsa, babu inda ya yi shakka ko ya yi nadama. Wannan halin waƙar jarumta ne a ko'ina, kuma a dandali ba ya damun kowa, domin muryar jirau da kukan kobiz suna cike giɓin. A takarda ne abin yake fitowa fili. Marubucin ƙagaggen labari da ya kwaikwayi wannan ba tare da yana da kobiz ba, zai tarar mugun nasa ya zama gunki.

Haka nan 'yan matan arba'in. In ban da kaɗan irin su Sarbinaz, sauran adadi ne kawai. Arba'in a al'adun Turkawa da na Musulmi lamba ce ta cika, ba lallai a ƙirga ba, don haka ba za mu nemi makaɗi ya ba kowace hali nata ba. Duk da haka, waƙar da aka sa wa sunan jama'a ta ƙare a kan mutum ɗaya, kuma wannan abin lura ne.

Rauni mafi girma a ganinmu shi ne kashi na biyu. Da mutuwar Surtaysha bashin da ke wuyan Gulayim ya biya, zaren labarin ya kai ƙarshe. Shigowar Nadir Shah sabon zare ne da aka ƙulla. Nadir Shah mutum ne na tarihi, ya ci Khiva a 1740, kuma ba wata runduna ta yankin da ta kore shi, dogarawansa ne suka kashe shi a 1747. Ba laifi ba ne waƙa ta saɓa wa tarihi, ai ba littafin tarihi ba ce. Abin da muke tuhuma shi ne zafin kashi na farko ya fito daga rashin da Gulayim ta yi da kanta, na biyu kuwa yaƙin wani ta je taya shi, sai wutar ta ragu.

Salo da Sarrafa Harshe

Waƙoƙin jarumta na Kipchak sukan tafi ne a kan gajeren ɗango mai gaɓa bakwai ko takwas, ba a yanka su baiti-baiti daidai wa daida, sai dai a jero ɗangwaye masu yawa ko kaɗan gwargwadon abin da ake bayyanawa. Ɗangon gajere ne domin ya yi sauri, ya dace da sukuwar doki da numfashin mai rerawa. A nan ne ginin harshen yake taimakon makaɗi. Tun da aikatau yakan zo a ƙarshen jimla, kuma ɗafa-ƙeya iri ɗaya ce take nuna lokaci, to da zarar ya jera jimloli masu gini ɗaya, amsa-amo ya samu da kansa. Wato jerin sarƙe da amsa-amo a wurinsu abu ɗaya ne. Sukan kuma fara ɗangwaye a jere da sauti iri ɗaya, ta yadda kunne zai ji amo a goshin ɗango da ƙeyarsa.

Akwai kuma shiryayyun kalamai da jirau yake ajiye da su: yadda ake ɗaura wa doki sirdi, yadda jarumi yake sa sulke, yadda ake kirari kafin karo, da kambamar zulaƙe wajen faɗin yawan runduna. Mai karatu a takarda zai ce maimaici ne. A dandali kuwa wurin hutawar makaɗi ne, inda bakinsa yake tafiya da kansa yayin da zuciyarsa take shirya abin da zai biyo baya, kamar dai aikin da amshi yake yi wa makaɗanmu. Editan da ya ga maimaici ya goge, ya cire wa waƙar haƙarƙari yana zaton kitse ya rage.

Hannun Mai Rubutu

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙa. An rubuta Kirk Kiz a zamanin Stalin, lokacin da hukuma take auna kowane aikin adabi da ma'aunin siyasa. A 1944 kwamitin ƙoli na Jam'iyyar Kwaminis ya la'anci waƙar Edige, wadda Tatar da Nogai da Kazak da Karakalpak duk suke rerawa, bisa zargin tana ɗaukaka sarakuna da maƙiyan Rasha, aka daina buga ta na tsawon shekaru. A 1951 da 1952 guguwar ta bi ta kan Dede Korkut na Azarbaijan da Alpamish na Uzbek, har Manas na Kirgiz sai da aka zauna a kanta. A daidai wannan lokaci ne aka fitar da Kirk Kiz da harshen Rasha a 1951, fassarar mawaƙi Arseni Tarkobski, aka yi ta yabonta.

Me ya sa ta tsira inda 'yan'uwanta suka faɗi? Mai karatu ya sake duban labarin. Tauraruwa mace ce mai ƙin auren dole, a ƙasar da hukuma take alfahari da 'yantar da matan Asiya ta Tsakiya. Maƙiyan baƙi ne daga gabas da kudu, babu Rasha a cikinsu. Ƙarshen kuma haɗin kan al'ummomi huɗu ne, daidai da taken abotar al'ummomi da Sobiyet take yayatawa. Ruwa ba ya tsami banza. Idan rigar da aka ce ta kaka ce ta zauna wa jika cif-cif ba tare da an rage ko an ƙara ba, dole a duba ko tela ya taɓa ta.

Sai dai a nan ne muke rabuwa da masu gaggawar yanke hukunci, kuma su kashi biyu ne. Kashi na farko su ne masu ɗaukar waƙar a matsayin ajiyar da ta taso tun zamanin da ba a taɓa ta ba. Masu binciken kufai na Sobiyet, irin su Tolstob da ya jagoranci tonon Khorezm tun daga 1937, sun danganta ta da labaran mata mayaƙa da Herodotus ya kawo, har da Sarauniya Tomiris ta Massagetai. Gaskiya ne akwai tsofaffin ganuwoyi a yankin da ake kira Kirk Kiz Kala, wato ganuwar 'yan mata arba'in, kuma wannan shaida ce cewa labarin 'yan matan ya girmi Kurbanbay da Jiyen. Amma sunan ganuwa shaidar tsufan labari ne kawai, bai tabbatar da tsufan kowane ɗango ba. Mu ma muna kiran tsofaffin ganuwoyi da sunan Amina, kuma wannan bai sa duk abin da aka rubuta a kanta a ƙarni na 20 ya zama maganar zamaninta ba.

Kashi na biyu su ne masu cewa tun da ta dace da bukatar hukuma, to ƙirƙirar ofis ce, a jefar. Waɗannan sun manta da halin makaɗi. Kurbanbay ya haura shekara 60 lokacin da aka zauna da shi, ya ga mulkin Khiva, ya ga na Sarkin Rasha, ya ga na Kwaminis. Makaɗi bai taɓa rera waƙa sau biyu iri ɗaya ba, yakan dubi fuskar masu sauraro ya san inda zai tsawaita da inda zai tsallake. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ke nan gyaran da zamani ya yi wa waƙar yana iya farawa tun daga bakin mai ita kafin alƙalami ya taɓa ta. Hukuncinmu shi ne a karanta Kirk Kiz a matsayin abin da take: tsohon labari, a bakin ƙwararren makaɗi, a shekarar 1940, a gaban marubutan da suka san abin da za a yarda a buga. Duk huɗun suna cikin littafin, kuma mai nazari na gari shi ne mai ƙoƙarin jin muryar kowanne.

Don a ga bambanci, a dubi aikin Karl Reichl, masani Bajamushe, wanda ya ɗauki waƙar Edige a na'ura daga bakin Jumabay Bazarob, ɗaya daga jirau na ƙarshe da suka gaji sana'ar baki da baki, wanda ya rasu a 2006. Da ya buga ta a 2007, ya kawo matanin yadda aka rera shi, da fassara, da bayanin wanda ya rera da yadda aka ɗauka, tare da faifai. Mai shakka yana iya saurara da kunnensa. Wannan dama ce da mai karanta Kirk Kiz ba shi da ita.

Game da fassara kuma, al'adar Sobiyet a lokacin ita ce wani ya yi fassarar kalma da kalma, sannan a miƙa wa mawaƙin Rasha ya mayar da ita waƙa. Abin da ya fito yakan yi daɗi a kunnen Barashe, amma amsa-amon da ɗafa-ƙeya take haifarwa ba ya ƙetare harshe. Wanda ya san Gulayim ta wannan hanya, ya san ta ne da tufafin aro.

Haruffa Huɗu a Rayuwa Ɗaya

Ko bayan waƙa ta shiga littafi, ba ta gama tsira ba, sai in akwai mai iya karanta littafin. Har zuwa 1928 da haruffan Larabci ake rubuta Karakalpak. Daga 1928 aka koma na Latin, a 1940 aka koma na Rasha, a 1994 aka sake zartar da komawa Latin, aka kuma yi wa sababbin haruffan gyara a 1995 da 2009 da 2016. Wanda aka haifa a 1915 ya yi tsawon rai, sau uku ana sauya masa abacada. Rubutun hannun Ajiniyaz da Berdak ya zama sai ƙwararru, littattafan zamanin Sobiyet kuma, har da na Ibrayim Yusupob da labaran tarihi na Tulepbergen Kaipbergenob, suna cikin haruffan da ba su ne yaro yake fara koya a aji ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya san cewa yaro ba ya zuwa neman littafin da idonsa bai saba da baƙaƙensa ba. Mu da muka sauya sau ɗaya, daga ajami zuwa boko, mun san yawan waƙoƙin da suka rage a cikin gafaka ba mai buɗewa.

Ga kuma ƙasar kanta. Tun daga shekarun 1960 aka karkatar da ruwan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonakin auduga, Tekun Aral da ya kai murabba'in kilomita 68,000 ya janye, garin masunta na Moynak ya koma tsakiyar rairayi da jiragen ruwa a kife, mutane da yawa suka yi ƙaura neman abinci. A Yulin 2022, da aka nemi cire wa jamhuriyar wasu haƙƙoƙinta daga tsarin mulkin Uzbekistan, jama'a suka fito a Nukus, aka rasa rayuka, aka janye shawarar. Ga mutanen da suke cikin wannan hali, labarin garin da aka mayar kufai da waɗanda suka dawo da shi bai tsufa ba.

Kammalawa

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga tatsuniyoyi da labaran Hausa cikin littattafai uku, daga rubutun ajami da malamai suka yi, kuma akasarin waɗanda suka ba da labaran ba mu da sunayensu a yau. Har yanzu ana rubuta waƙoƙin makaɗa irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata a takarda, wani ya cire amshi, wani ya gyara karin harshen Sakkwato ya mayar da shi daidaitacciyar Hausa, wani ya tsallake zambon da yake ganin zai ɓata wa wani gida rai, kuma ba ya faɗa.

Shawararmu ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa da suke sha'awar tattara adabin baka, ita ce su rubuta sunan wanda ya ba su, da garinsu, da ranar, da waɗanda suke zaune a wurin. Su ɗauki murya, tun da yanzu wayar hannu ma ta isa. Su bar maimaici da karin harshe yadda suka ji su. In kuma dole ta sa sun cire wani abu, su faɗa a gabatarwa cewa sun cire. Wanda kuma yake son ya ɗauki tsohon labari ya gina nasa a kai, ƙofa a buɗe take, haka Abubakar Imam ya yi, amma ya sa sunansa a kai ya ɗauki nauyin abin da ya ƙara, kada ya jingina shi ga kakanni.

Kirk Kiz ta kai gare mu ne saboda wani tsoho ya riƙe ta a ka, wasu kuma suka zauna suka rubuta, kuma sun cancanci godiya ko da zamaninsu ya sa hannu a aikin. Da sun bar mana bayanin abin da suka ji da abin da suka gyara, da yau gardamar ta yi sauƙi. Allah ya sa masu zuwa bayanmu su sami wannan bayani a ayyukanmu.